Zoben Itace, Awarwaro Da Carbi: Wane Itace Ne Zai Jure Alwala Da Hunturu?

Mai sayar da zoben itace zai fara yabon launinsa, sannan ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur don ka ji tauri. Launi da tauri duk suna da amfani, amma ba su ke yanke hukuncin tsawon kwanan zobe ba. Abin da ke kashe kayan adon itace a ƙasashenmu abu biyu ne, ruwa da bushewar iska. Hannun Musulmi yana shiga ruwa aƙalla sau biyar a yini, ban da wankin hannu kafin cin tuwo da bayansa. Sannan iskar Kano ko Damagaram a tsakiyar hunturu danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa ya haura 70. Itace, ko ya shekara hamsin da sarewa, bai daina shan danshi yana kumbura ba, bai kuma daina bushewa yana tsukewa ba. Don haka duk itacen da za a ambata a nan, da wannan mudun za a auna shi.

Kafin a zo kan sunayen itatuwa, sai an fahimci yadda aka ƙera zoben, domin sau da yawa ƙirar ta fi irin itacen muhimmanci. Duk wanda ya taɓa faskare ya san gatari yana bin jijiyar icce ne, ya tsaga shi cikin sauƙi, amma in aka sara a gicciye sai an sha wuya. To idan masassaƙi ya ɗauki guntun katako ya huda tsakiyarsa ya zagaye bayansa, ya samu zobe, amma akwai wurare biyu da ke fuskantar juna inda jijiyar ta ratsa siririn bangon zoben a gajarce. A nan yake karyewa. Ka yi musabaha da mai ƙarfin hannu, ko ka damƙe kan babur da kyau, sai ka ji ƙas, zobe ya zama biyu. Wannan ƙira ita ce mafi araha, ita ce kuma aka fi gani a wurin masu sayar da kayan tsaraba.

Ƙira ta biyu ita ce ta naɗi. Ana yanko itace siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, a jiƙa shi a tafasasshen ruwa har ya yi laushi, a naɗe shi a jikin sanda mai girman yatsa, a bar shi ya bushe, sannan a sake naɗe shi hawa uku ko huɗu ana bin kowane hawa da gam mai kamawa nan take. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to nan ruwan zafi ne ke mayar masa da ɗanyantakar na ɗan lokaci. Amfanin wannan ƙira shi ne jijiyar tana zagaye yatsa ne gaba ɗaya, babu gurbin rauni. Zoben naɗi na itace mai matsakaicin tauri ya fi zoben huji na itace mafi tauri ƙarko, nesa ba kusa ba. Akwai kuma masu manna falle uku, na tsakiya a gicciye, sannan su huda, wanda ya fi hujin guntu ɗaya amma bai kai naɗi ba. Ta ƙarshe ita ce a yi zoben da azurfa ko wani ƙarfe, a yi masa kwari a bayansa a cusa itace. Maƙeran Buzaye na Agadas sun daɗe suna haɗa azurfa da baƙin itace a zobba da awarwaro da 'yan kunne, kuma ga namijin da addini ya hana shi zinare ya halatta masa azurfa, wannan ƙira ta haɗa komai: ƙarfen ya ɗauki nauyin, itacen ya yi ado, kuma itacen bai taɓa fata ba balle ya sha zufa.

Yanzu itatuwan. Sarkinsu a wannan sana'a shi ne baƙin itacen da mutanen Tanzaniya ke kira mpingo, masana kuma ke ce wa Dalbergia melanoxylon. Yana fitowa a busassun dazuzzuka daga Senegal har Eritiriya, ya gangara zuwa Afirka ta Kudu, amma a Tanzaniya da Mozambik aka fi cinikinsa. Da shi masassaƙan ƙabilar Makonde ta waɗannan ƙasashe biyu ke aiki, da shi kuma Turawa ke ƙera sarewarsu ta kiɗa, kuma dalilin da ya sa suka zaɓe shi shi ne dalilin da ya sa ya dace da zobe: sarewa kullum tana cikin tururin numfashi, ana so ta sha danshi ba ta canja girma ba. Itacen yana da maiƙo a cikinsa, ƙofofin jikinsa matsattsu ne, in an goge shi da kyau yana sheƙi ko ba a shafa masa komai ba. A ma'aunin tauri na Janka, wanda ke auna ƙarfin da ake buƙata a nutsa ƙwallon ƙarfe zuwa rabinta a jikin katako, yana da kusan fam 3,670 (fam na awon nauyi, ba na kuɗi ba), maɗaci kuwa bai kai rabin haka ba. Nauyinsa ya kai kilo 1,200 zuwa sama a guntun da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kowanne mita ɗaya ne, wato in ka jefa shi a ruwa nutsewa zai yi. Aibinsa uku ne. Yana dakushe zarto da magagari, don haka kuɗin aiki ya fi. Maiƙon jikinsa kan hana gam kamawa in ba a goge shi da sinadari ba kafin a manna. Kuma bishiyar kan kai shekara 70 zuwa 100 kafin ta isa sara, saboda haka ba ya araha, kuma bai kamata ya yi araha ba.

Eboni na gaskiya dangin kanya ne. Wanda ya fi baƙi ƙirin yana fitowa daga dazuzzukan Kamaru da Gabon, taurinsa ya ɗan haura fam 3,000. A ido ba ka bambanta shi da mpingo cikin sauƙi, amma a hali sun sha bamban. Eboni ya fi saurin tsagewa, ya fi motsi idan yanayi ya canja, kuma carbin eboni da aka yi a gari mai laima aka kawo Arewa a watan Janairu yakan fara nuna 'yan tsage a bakin ramin zare. In an ba ni zaɓi tsakanin su biyun don zobe, mpingo zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ita kuwa kanyarmu ta gida, mai 'ya'ya masu zaƙi, ba kowace ce ke da baƙar zuciya ba. Yawancinta toka-toka ce mai ɗan ja, sai tsohuwar bishiya ce ake samun baƙi a tsakiyarta, wani lokaci da ratsi-ratsi. Itace ne mai tauri, mai santsi, gara ba ta damunsa, kuma launinsa na asali yana da kyau in an bar shi yadda yake.

Matsalar ita ce ba a barinsa yadda yake. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan eboni farin itace ne da aka tsoma a rini, ko aka dirje da man goge takalmi. Gane shi ba wuya. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga, in ya ɗauko baƙi to rini ne. Ka leƙa cikin ramin ɗan carbi, in waje baƙi ciki fari, ka san inda aka dosa. Ka kuma auna shi a tafin hannu, domin baƙin itacen gaske yana da nauyin da ke ba mutum mamaki, ga sanyi kamar na dutse. Itacen gaske ma in ka ɗaga shi a rana za ka ga ɗan ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi a cikin baƙin, da siraran layuka. Wanda ya yi baƙi ƙirin ko'ina ba tabo, kuma aka ce maka kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, to araha ba ta ado.

A cikin itatuwan gida, ƙirya ce na fi ganin an raina. Kowa ya san ta a turmi da taɓarya da gawayin maƙera, wato an san ta da aikin wahala, shi ya sa ba a tuna ta in ana maganar ado. Alhali zuciyar ƙirya ja ce mai duhu, tana ƙara duhu da tsufa, tana da tauri da nauyi, ba ta ruɓewa da wuri, kuma tana ɗaukar gogi. Ga 'ya'yan carbi da kaurin awarwaro, ba ta da abin kunya a gaban itatuwan waje. Sai dai ba ta son tanƙwara, don haka ba ta dace da zoben naɗi ba, kuma dole a same ta busasshiya sarai. Aduwa kishiyarta ce a launi: fara mai ɗan rawaya, mai laushin jijiya, shi ya sa ake sassaƙa allo da ita, tana shan tawada da wanki shekara da shekaru ba ta lalace ba. Wannan shaida ce mai kyau ga itacen da zai riƙa haɗuwa da ruwa. A 'yan kunne da abin wuya tana karɓar zanen wuta da rini, amma a zobe farin launinta kan yi dauɗa da wuri in ba a rufe ta da kyau ba. Tsamiya tana da 'yar siririyar zuciya mai duhu, tauri kamar me, amma sai tsohuwar bishiya, kuma ba wanda zai sare tsamiya mai ba da 'ya'ya don zobe, sai dai reshen da iska ta karya.

Maɗaci da giginya zan ce a bar su. Maɗaci sarkin ƙofa da kujera ne, amma ƙofofin jikinsa manya ne, in aka yi abu ƙarami da shi sai ya riƙa ɓantarewa a gefe, zufa kuma ta shige. Giginya tana da baƙaƙen zare masu ɗaukar ido, amma zaren nan su ne ke tashi su soki yatsa, sai fa in an cika ta da gam an rufe.

Madobiya tana buƙatar a tsaya a kanta. A kyau ba a magana: ruwan zuma ce mai ratsin ja da baƙi, ga ta ba ta cika motsi ba bayan ta bushe, ga ta tana ɗaukar sheƙi. Kyan nan ne ya jawo mata bala'i. Daga wajen 2013 aka yi ta lodin gungumenta zuwa China don yin kayan ɗaki na alfarma, mutanen Taraba suka san ta da sunan madrid, a wasu wuraren kuma kosso, aka share dazuzzuka a Kogi da Taraba da Adamawa cikin 'yan shekaru. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka saka ta a jerin itatuwan da sai da izini ake fitar da su, tare da dukkan dangin Dalbergia, ciki har da mpingo. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Zobe ɗaya ba ya cin itacen da ya kai ɗan yatsa, saboda haka babu dalilin sare sabuwar bishiya dominsa. Ragowar yankan kafinta, ƙafar tsohon gado, karyayyen muciya ko ƙotar fartanya, duk sun isa a fitar da zobba da yawa, kuma tsohon itace ya riga ya gama shekarunsa na motsi, ya ga hunturu da damina sun fi a ƙirga. A ganina masassaƙin da ya ce maka daga tsohuwar taɓarya ya fitar da carbinka ya ba ka abin da ya fi na sabon katako.

Ga mai sana'ar da ke aika kaya waje, ƙananan kayan da aka gama ƙerawa daga yawancin dangin Dalbergia an yi musu sassauci in nauyin itacen bai wuce kilo 10 a aike ɗaya ba. Banda wani ɗan dangin na Brazil, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992.

Sai itatuwan da ke zuwa a jakar alhazai. Zaitun yana da farin jini saboda darajarsa a Alƙur'ani, kuma a gaskiya yana da kyau: launin madara da zane-zane masu ruwan ƙasa da ke yawo a jikinsa, ba ɗan carbi biyu da suke kama ɗaya. Masassaƙan Baitalahmi da na Tunisiya sun shahara da shi, yawanci daga rassan da aka datse. Taurinsa ya kai kusan fam 2,700. Amma zaitun yana cikin itatuwan da suka fi tsukewa wajen bushewa, yana kuma ɗaukar shekaru kafin ya bushe har ciki. A carbi yana lafiya, domin maiƙon hannu kullum yana ciyar da shi, har ya yi duhu ya yi sheƙi da yawan ja. A zoben huji kuwa, hunturu ɗaya na iya raba shi. Mai son zoben zaitun ya nemi na naɗi ko wanda aka cusa a azurfa.

Sandal don ƙamshi ake sayensa. Na asali na kudancin Indiya ne, yankin Mysore, yanzu kuma ana nomansa a Ostireliya. Taurinsa matsakaici ne, kusan rabin na mpingo. Ƙamshin yana cikin man da ke zuciyar itacen, don haka in aka rufe shi da fenti mai sheƙi an kashe dalilin sayensa, in kuma aka bar shi a buɗe aka sa shi a yatsa, sabulu zai wanke man a hankali. Ka ga ke nan sandal na carbi ne da abin wuya, ba na zobe ba. Na jabu ya fi na gaske yawa a kasuwa: farin itace ne da aka jiƙa a turare. Shi na jabu ƙamshinsa yana bugun hanci tun daga nesa, ya gudu bayan 'yan makonni. Na gaske ƙamshinsa a kwance yake, sai ka murza shi ya yi ɗumi sannan ya taso, kuma yana daɗewa shekaru. Al'ud ma haka, sai dai tsadarsa ta sa duk wanda aka tallata maka a tire a bakin masallaci da ƙaramin kuɗi, ka saye shi a matsayin itace mai turare kawai.

Akwai itatuwan da ake saye don launi mai ɗaukar ido, kuma nan ne mutane suka fi cizon yatsa. Jan itacen Kamaru da Gabon da ake kira padauk, ɗan'uwan madobiya ne, in an yanke shi sabo ja ne jawur mai ruwan lemo, amma hasken rana yana mayar da shi ruwan ƙasa mai duhu. Kuma in ba a rufe shi da kyau ba, zufa ko turare na iya sa ya zubar da ja a wuyan farar shadda. Akwai wani na Kudancin Amurka mai launin shunayya, shi ma da tafiyar lokaci yakan koma ruwan ƙasa. Ki saye su in kina son launin da za su koma, ba wanda kika gani a hoton waya ba.

Maganar fata kuma ba ta wasa ba ce, domin zobe yana kwana a jikin mutum cikin ɗumi da zufa. Dangin Dalbergia suna da wasu sinadarai da ke tayar wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda ya fi ƙaurin suna a nan shi ne cocobolo na Amurka ta Tsakiya. Abin ba lallai ya bayyana a makon farko ba, yakan taru ne a hankali, in kuma ya fara ba ya komawa. Mpingo da madobiya ma suna iya yi wa mai saurin kamuwa haka. Mafita ita ce a yi cikin zoben da azurfa, ko da wani farin itace marar fitina irin maple na Amurka, a bar mai launin a waje. Gwaska kuwa, wadda aka san ɓawonta da dafi, ba ta da gurbi a jikin mutum komai kyanta. A 'yan kunne, sau da yawa ba itacen ne ke kumbura kunne ba, ƙugiyar ƙarfen ce, musamman mai nikel a ciki.

Tunda an zo kan 'yan kunne, a nan lissafin yana juyewa. Nauyin da ya sa mpingo ya yi fice a zobe shi ne ke sa ya ja fatar kunne in an yi shi babba. Ɗan kunne ba ya shiga ruwa sosai, ba ya bugun komai, don haka itacen da bai kai mpingo nauyi ba ya fi: aduwa, ko itacen Amurka da ake kira walnut mai taurin kusan fam 1,000, ko ma siririn gora. Abin wuya shi ne ya fi kowa 'yanci, kowane itace ya yi, in dai ba ya zuba. Awarwaro kuwa matsalarsa irin ta zobe ce amma ta fi girma, domin yana bugun bakin tukunya da ƙofar mota, saboda haka ya zama mai kauri ko mai falle-falle. Kada kuma a manta da ƙwallon goruba. Ba itace ba ne, amma cikinsa fari ne mai tauri kamar hauren giwa, an taɓa yin maɓallan riga da shi don kasuwar Turai, kuma 'ya'yan carbi ko na sarƙa da aka fitar daga gare shi suna karɓar rini da gogi.

Abin da aka shafa a ƙarshe shi ne ke tsakanin itace da buta. Masu zoben naɗi sukan bi shi da gam mai kamawa nan take hawa da yawa, su goge har ya zama kamar gilashi. Wannan ya fi komai tare ruwa, amma yana karcewa, in ya tsage kuma ruwa kan shiga ƙarƙashi ya yi fari-fari, kuma turare mai sinadarin barasa da ruwan tsabtace hannu suna dusashe shi. Kakin zuma yana barin itace da taushinsa na asali, amma sai an riƙa sabuntawa. Man kaɗanya yana hana carbi bushewa a hunturu in an shafa kaɗan aka goge, sai dai ba ya daskarewa ya zama kariya, ƙura kuma tana manne masa. Man gyaɗa kada a fara, yana yin ɗoyi.

To wa zai ɗauki me? Wanda ba zai iya tuna cire zobe a kowace alwala ba, ko makanike, ko mai wanki da girki kullum, ya ɗauki azurfa mai itace a cushe, mpingo in da hali. Wanda ke son itace zalla a yatsa, kuma ya yarda zai riƙa cirewa, ya nemi na naɗi mai rufin gam, ya kuma tambayi maƙerin ko yana sabunta rufin in ya karce. Zoben huji a ɗauke shi a matsayin na kwalliyar biki da Sallah. Ga carbin da za a ja safe da yamma, ƙirya ko mpingo ko zaitun busasshe. Ga ƙamshi, sandal, a ajiye shi nesa da ruwa.

Abu na ƙarshe shi ne awo. Zoben azurfa in ya matse, maƙeri zai buɗa shi, in ya yi yawa ya rage. Na itace ba ya ƙaruwa ba ya raguwa da hannun kowa. Yatsa kuma yana kumbura da zafin bazara, ya sake da sanyin safiyar hunturu, kuma zobe mai faɗi da kauri ya fi siriri matsewa ko da awonsu ɗaya. A auna yatsa da yamma, lokacin da ya fi cika, a kuma tabbata zoben yana wuce gaɓa da ɗan turawa kaɗan ba tare da an nemi sabulu ba.